Yadda Ake Bin Salsalar Iyali a Ingila ta Rajistar Coci, Wasiyya da Tsofaffin Jaridu

Bin diddigin asalin iyali a Ingila aiki ne na takardu. Mai neman sanin kakannin kakanninsa ba ya dogara ga abin da tsofaffi suka riƙe a ka kawai, domin a mafi yawan gidaje labarin baki ba ya wuce kakan kaka. Abin da yake dogara a kai shi ne rubuce-rubucen da coci, kotu da 'yan jarida suka bari. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka rubuta domin masu neman salsala. Coci ta rubuta ne don ta san mabiyanta, kotu don ta raba dukiyar mamaci, ɗan jarida kuma don ya sayar da jaridarsa. Sanin dalilin da ya sa aka rubuta takarda shi ne ke nuna wa mai bincike inda zai amince da ita da inda zai yi taka-tsantsan.

Ƙa'idar farko ita ce a fara daga abin da aka sani, a riƙa komawa baya ɗaki bayan ɗaki. Daga yau zuwa shekarar 1837 tafiyar tana da sauƙi, saboda a ranar 1 ga Yuli na wannan shekara gwamnati ta fara rajistar haihuwa, aure da mutuwa a Ingila da Wales. Takardar haihuwa tana ɗauke da sunan uba, sana'arsa, da sunan gidan su uwa kafin ta yi aure. Takardar aure tana ba da sunayen ubannin ango da amarya. Sunayen iyaye mata ba su samu shiga ba sai a 2021. Akwai kuma ƙidayar jama'a da ake yi duk shekara goma. Ta 1841 ce ta farko da aka adana mai sunan kowa da kowa, amma an rage shekarun manya zuwa lambar da ke ƙarewa da biyar ko sifiri, ta yadda mai shekara 44 zai fito a matsayin ɗan 40. Ta 1851 ta fi amfani, domin ta faɗi garin da aka haifi kowane mutum. Wannan sunan gari shi ne mabuɗin shiga zamanin da babu rajistar gwamnati, inda sai littafin coci.

Littafin coci

A da an raba Ingila zuwa ƙananan gundumomi sama da dubu goma, kowace da cocinta da limaminta. A watan Satumba na 1538, Thomas Cromwell, babban na hannun daman Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarnin cewa kowane limami ya ajiye littafin da zai riƙa rubuta duk wanda aka yi wa baftisma, aka ɗaura wa aure, ko aka binne. Za a yi rubutun ne kowace Lahadi a gaban ɗaya daga dattawan coci, a kulle littafin a akwati mai kwaɗo biyu. Jama'a sun yi zargin cewa wata dabarar karɓar haraji ce, limamai da yawa kuma sun yi sakaci, sun riƙa rubutu a takardu warwatse waɗanda danshi da ɓeraye suka cinye. Saboda haka a ƙarshen mulkin Sarauniya Elizabeth ta Farko, a 1598, aka tilasta kwafe tsofaffin rubuce-rubucen a littattafan fata, musamman daga farkon mulkinta. Malaman kwafi da dama sun ɗauki wannan a matsayin iyaka, shi ya sa littattafai masu yawa suka fara daga 1558 maimakon 1538. A lokacin ne kuma aka wajabta aika kwafin rubutun kowace shekara zuwa ofishin bishop. Wannan kwafi na biyu ya ceci tarihin garuruwa da yawa da littafinsu na asali ya ƙone ko ya ɓace, kuma wani lokaci yakan ƙunshi abin da babu a na asalin.

Rubutun farko-farko gajere ne ƙwarai. Layi ɗaya ne: rana, sunan yaro, sunan uba, shi ke nan. Sunan uwa sau da yawa babu. Wasu da Latin aka rubuta su, da wani salon rubutun hannu wanda Baturen yau ma sai ya koya kafin ya iya karantawa. A shekarun yaƙin basasa, daga 1642 zuwa dawowar sarauta a 1660, an kori limamai da yawa, kuma littattafai da dama suna da giɓi a nan.

Dokoki daban-daban sun bar sawunsu a shafukan. Dokar 1678, wadda aka yi don raya kasuwar ulu, ta ce kada a yi wa mamaci likkafani sai da ulu, kuma sai wani ya yi rantsuwa cewa an bi doka, in ba haka ba tarar fam 5. Don haka akan ga alamar rantsuwa a gefen sunan mamaci. Daga 1783 zuwa 1794 an ɗora harajin kwabo uku a kan kowane rubutu, aka yafe wa matalauta. Sakamakon haka wasu iyaye suka jinkirta baftisma, har akan ga 'ya'ya uku ko huɗu na gida ɗaya an yi musu rana guda bayan an soke harajin.

Dokoki biyu ne suka fi gyara lamarin. Ta farko ita ce dokar aure ta Lord Hardwicke, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Maris, 1754. Kafin ita, ana ɗaura auren ɓoye a wurare irin su unguwar kurkukun Fleet a Landan, ba sanarwa ba iyaye. Dokar ta ce aure ba ya inganta sai a cocin Ingila, bayan an yi shela Lahadi uku ko an karɓi lasisi, kuma ango da amarya da shaidu biyu su sa hannu a littafi na musamman. Wanda bai iya rubutu ba sai ya yi alamar gicciye. Yahudawa da 'yan ɗarikar Quaker kaɗai aka keɓe, don haka Katolika da sauran masu ƙin cocin gwamnati su ma a can sunayensu suke. Shaidun nan biyu sau da yawa 'yan'uwa ne, kuma sunayensu kan warware matsalar da ta gagara. Ta biyu ita ce dokar George Rose, wadda daga 1813 ta kawo littattafai bugaggu masu gurbin cikewa: a baftisma ana rubuta sunayen iyaye biyu, mazauninsu da sana'ar uba, a jana'iza kuma shekarun mamaci.

Littafin cocin Holy Trinity da ke garin Stratford-upon-Avon ya nuna kusan duk tarkon da ke cikin irin wannan bincike, kuma an yi masa nazari fiye da kowane saboda William Shakespeare, marubucin wasan kwaikwayo. An rubuta da Latin cewa an yi wa William ɗan John Shakespeare baftisma ranar 26 ga Afrilu, 1564. Ranar haihuwarsa ba ta cikin littafin, domin coci baftisma take rubutawa ba haihuwa ba; ranar 23 ga Afrilu da ake bikinta al'ada ce kawai. Shafin ma ba na 1564 ba ne, kwafin fata ne da aka yi shekaru da dama bayan haka. A cikin littafin akwai Joan biyu 'ya'yan uba ɗaya, ɗaya a 1558 ɗaya a 1569, saboda ta farko ta rasu tana ƙarama aka mayar wa ƙanwarta da sunan, abin da ya zama ruwan dare a lokacin. Akwai kuma wani John Shakespeare daban, mai ɗinkin takalma, da ya zauna a garin a zamani ɗaya, wanda 'ya'yansa suka daɗe suna rikita masu bincike. Kama da wane ba ta wane. Mafi yawan salsalar ƙarya da ke yawo a intanet daga nan take tasowa: mutum ya ga suna ya yi daidai, shekara ta yi kusa, sai ya manna takwara a gurbin kakansa ya ci gaba.

Kalanda ma tarko ce. Har zuwa 1751 sabuwar shekara a Ingila ranar 25 ga Maris take farawa. Tagwayen Shakespeare, Hamnet da Judith, an yi musu baftisma ranar 2 ga Fabrairu, 1585 a lissafin yau, amma a lissafin wancan zamani ranar tana cikin 1584. Wanda bai san wannan ba, zai iya ganin yaron da aka binne a Fabrairu alhali an yi masa baftisma a Disamba na shekarar da lambarta ɗaya, ya zaci mutum biyu ne. A 1752 ne aka gyara, aka kuma tsallake kwana goma sha ɗaya, 2 ga Satumba ta wayi gari 14 ga Satumba. Ko malamin ofishin bishop yana kuskure: a Nuwamba 1582 littafin lasisin aure na Worcester ya kira amaryar Shakespeare da suna Anne Whateley, takardar lamuni da aka rubuta washegari kuma ta kira ta Anne Hathaway.

Akwatin coci bai tsaya ga littafin rajista ba. Gunduma ce ke ciyar da matalautanta, don haka bayan dokar 1662 akan titsiye baƙon da ake tsoron zai zama nauyi, a tambaye shi inda aka haife shi, inda ya yi aiki da wadda ya aura, a rubuta. Ga talakan da bai bar dukiya ba, wannan takarda ita ce tarihin rayuwarsa mafi cika.

Wasiyya da kayan gado

Littafin coci yana ba da sunaye ɗaiɗai. Wasiyya ce ke ɗinke su su zama iyali. A cikinta mutum da bakinsa yake cewa wannan matata ce, wannan ɗana ne, wannan 'yata ce matar wane. Tsarin ya bambanta da na Musulunci, inda kason magada yake a ƙayyade kuma wasiyya ba ta wuce sulusi. A Ingila, musamman bayan dokar 1540 da ta ba da damar yin wasiyya da fili, mai dukiya yana da 'yanci mai faɗi ya ba wanda ya so, shi ya sa yake lissafa mutane da suna.

Kafin 12 ga Janairu, 1858, kotunan coci ne ke tabbatar da wasiyya, kuma sun haura ɗari biyu. Wahalar ita ce gano wace kotu ce. Wanda kayansa suke yanki ɗaya, ƙaramar kotun yankin ce. Wanda yake da kaya na fam 5 ko fiye a ƙarƙashin bishop sama da ɗaya, sai babbar kotun Canterbury ko ta York. Ta Canterbury, wadda a Landan take zama, ita ce ke karɓar wasiyyar waɗanda suka mutu a teku ko a ƙasashen waje, har da ƙananan ma'aikatan jirgin ruwa. Kwafin wasiyyoyinta daga 1384 zuwa 1858, sama da miliyan ɗaya, suna Ma'ajiyar Takardun Ƙasa da ke Kew; na York kuma suna Cibiyar Borthwick a Jami'ar York. Daga 1858 gwamnati ta karɓi aikin, kuma aka riƙa buga jerin shekara-shekara mai nuna sunan mamaci, ranar rasuwa, adireshi, wasiyyi da ƙimar dukiya.

Wasiyyar Shakespeare, shafi uku da ya sa wa hannu ranar 25 ga Maris, 1616, wata guda kafin a binne shi, ta nuna abin da ake samu. Ta ba babbar 'yarsa Susanna yawancin gidaje da filaye. Ta ba Judith fam 150, da wasu fam 150 bisa sharuɗɗan da suka hana mijinta taɓa uwar kuɗin. Ta ambaci ƙanwarsa Joan da sunan aurenta, Hart, da 'ya'yanta maza uku, ta ba matalautan garin fam 10, ta ba abokan wasansa uku kuɗin sayen zobe. Matarsa kuwa layi ɗaya ta samu, wanda aka cusa tsakanin layuka, na gadon kwanansa mai daraja ta biyu. An yi ta fassara wannan a matsayin wulaƙanci, amma wasiyya ba ta faɗin abin da al'ada ko wata yarjejeniya ta riga ta ba mutum. Haka nan rashin sunan ɗan fari a wasiyya ba ya nufin ya mutu ko an yi fushi da shi. Sau da yawa ya riga ya karɓi gona. Idan aka haɗa wasiyyar da littattafan coci, sai a ga cewa ɗansa Hamnet ya rasu a 1596, 'ya'yan Judith uku sun mutu ba su haihu ba, jikarsa Elizabeth kuma ta rasu a 1670 ba zuriya. Duk mai da'awar ya fito daga tsatson Shakespeare kai tsaye, takardu sun ƙaryata shi. Abin da zai yiwu shi ne ta wajen Joan.

Akwai abubuwan lura. Kalmomin dangantaka sun canza ma'ana: kalmar da a yau take nufin suruki tana iya nufin agola a tsohuwar wasiyya, wadda kuma take nufin ɗan baffa ko ɗan kawu tana iya nufin kowane dangi. Matar aure ba ta da cikakken ikon yin wasiyya ba da yardar miji ba sai bayan dokar 1882, don haka wasiyyoyin mata na zawarawa ne da waɗanda ba su yi aure ba. Waɗannan kuwa su ne mafi daraja ga mai bincike, domin gwaggon da ba ta haihu ba takan lissafa 'ya'yan 'yan'uwanta kaf. Mafi yawan mutane ba su bar wasiyya ba. Idan akwai kaya, kotu takan ba wani na kusa takardar izinin rabo, wadda ba ta da bayani sosai.

Tare da wasiyya, daga ƙarni na 16 zuwa tsakiyar na 18, akan samu jerin kayan mamaci. Maƙwabta biyu ko fiye sukan bi gida ɗaki-ɗaki suna yi wa komai kuɗi: tukwane, gadaje, zannuwan shimfiɗa, shanu, hatsin da ke rumbu, kayan sana'a, da bashin da ake bin sa da wanda yake bi. Babu wata takarda da ke shigar da mutum cikin gidan kakansa kamar wannan.

Jaridu

Jaridu su ne ke ba da abin da ya faru tsakanin baftisma da kabari. London Gazette, jaridar gwamnati da ta fara a 1665, tana buga naɗin hafsoshi, karayar arzikin 'yan kasuwa da rabuwar abokan jari. Jaridar kullum ta farko, Daily Courant, ta fito a 1702, The Times kuma a 1785 da wani suna daban. Amma har tsakiyar ƙarni na 19 jarida kayan masu hali ce saboda haraji, wanda ya kai kwabo huɗu a kan kowane kwafi a 1815. Da aka soke shi a 1855, sai ƙananan jaridu suka ɓarke a kowane gari, kuma daga nan ne talaka ya fara bayyana sosai. Akan same shi a rahoton kotun majistare, a binciken musabbabin mutuwar gaggawa, a tallan gwanjon gona, a sanarwar lauya mai neman magada. Rahoton jana'iza na ƙarshen ƙarnin yakan jero masu makoki da dangantakar kowa da mamaci. Takardun asali na binciken mutuwa da yawa sun salwanta, saboda haka jarida ce kaɗai ta rage da maganar shaidu.

Jarida ita ce mafi daɗin karatu kuma mafi rauni a matsayin hujja. Ɗan rahoto yana rubuta suna yadda kunnensa ya ji, jaridu suna kwafar juna da kuskurensu, yabon mamaci kuma iyalinsa ne suka kai. Yanzu da aka ɗora miliyoyin shafuka a intanet, kamar a British Newspaper Archive da aka buɗe a 2011, da Trove na Ostiraliya, an ƙara wata matsala: kwamfuta ce ke karanta tsohon bugu, kuma takan ɗauki tsohon dogon harafin s a matsayin f. Rashin samun suna a bincike ba hujja ba ce cewa babu shi.

Tarihin Olaudah Equiano, wanda aka fi sani a zamaninsa da Gustavus Vassa, ya haɗa duka ukun. A littafinsa na 1789 ya ce an haife shi a ƙasar Ibo aka sace shi yana yaro. Littafin cocin St Margaret da ke Westminster ya rubuta baftismarsa a Fabrairu 1759, ya ce an haife shi a Carolina ta Amurka, kuma jerin ma'aikatan wani jirgi na 1773 ya faɗi kusan haka. A 1792 wasu jaridun Landan biyu suka ce a wani tsibiri na yankin Karebiyan aka haife shi, shi kuma ya ƙaryata su a rubuce. Tun da masani Vincent Carretta ya fito da rajistar baftismar da jerin ma'aikatan jirgin, masana suke muhawara. Tambayar da ta dace ita ce wa ya ba limami amsa a ranar, domin yaron bawa ne a hannun wasu, kuma ba lallai shi aka tambaya ba. A sauran rayuwarsa kuwa takardun sun yi daidai da juna: aurensa da Susanna Cullen a cocin Soham ranar 7 ga Afrilu, 1792, wasiyyarsa ta 1796, rasuwarsa a ƙarshen Maris 1797, da fam 950 da 'yarsa Joanna ta gāda a 1816. Masu bincike na ƙwarai ba sa karɓar dangantaka sai takardu biyu ko uku da ba su kwafi juna ba sun haɗu a kanta, kuma inda suka saɓa sukan rubuta saɓanin maimakon su zaɓi wanda ya fi yi musu daɗi.

Cocin Ingila ta kai al'adar rajista duk inda mishan ɗinta suka je, har da Lakwaja da Wusasa, kuma takardun ƙungiyar mishan ta CMS suna Jami'ar Birmingham. A Ingila kanta, dokar coci ta 1978 ta sa aka kwashe yawancin littattafan da suka wuce shekara ɗari zuwa ma'ajiyun takardu na larduna, inda kowa zai iya dubawa. Kamfanoni irin su Ancestry da Findmypast suna sayar da hotunan shafukan, FamilySearch da FreeREG kuma kyauta suke ba da nasu jerin. Jerin sunaye aikin mai kwafi ne, don haka ana buƙatar ganin hoton shafin kansa.

Wasu hanyoyin sun toshe har abada. Gobarar ma'ajiyar takardu ta Dublin a Yuni 1922 ta cinye yawancin tsofaffin wasiyyoyin Ireland, da littattafan coci masu yawa, da kusan duk ƙidayar 1821 zuwa 1851. Ruwan bama-baman da aka yi wa Exeter a 1942 ya ƙone wasiyyoyin Devon da na Somerset. A wannan shekarar ce kuma gobara ta lashe ƙidayar Ingila da Wales ta 1931, ba a kuma yi ta 1941 ba saboda yaƙi. Ta 1921 an buɗe ta ga jama'a a Janairu 2022, kuma bisa ƙa'idar rufe ƙidaya na shekara ɗari, ta gaba, wato ta 1951, ba za ta fito ba sai 2052.